Shekarar da Na Ce Kowa Ya Gane

Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku zuwana Ikko a bayan motar shanu, na rubuta shekarun goro da auren mahaifiyarku, biro bai tsaya mini ba sai da na iso nan. To, tunda likita ya fara hana ni gishiri, gara ku ji daga bakina kafin wani ya ba ku a karkace. Shekara uku ke nan ana cewa yayarku Zulai ta bar aikinta na Yaba saboda taurin kai, wai ta yi wa ogansu tsiwa. Na sha jin maganar a tsakar gidan nan, a bakin gwaggonku har da bakin wasunku, ina zaune ina ɓare goro ban ce uffan ba. Ƙarya ce. Ni na jawo mata, kuma ga yadda aka yi.

Sai na fara da ajiya, domin in ba ku san girman da nake ba kaina a kanta ba, wautar ba za ta fito muku ba. Tun ina da ƙarfin ɗaga huhun goro, shagona na bakin layin dogo a Agege ya zama wurin ajiyar 'yan ci-rani. Mai ruwa, ɗan okada, maigadi, mai gyaran takalmi, duk wanda ke kwana a rumfa ba shi da akwati mai makulli, wurina yake kawo abin da yake tsoron ya ɓata: katin shaida, rigar salla, maganin da uwarsa ta ƙulle masa, wani ma hoton 'ya'yansa. Ban taɓa rubuta sunan kowa a kan kayansa ba. Da ƙulli nake gane su. Ƙullin Basakkwace daban, na Badamagare daban, kuma ko mutum ya shekara biyu bai waiwayo ba, yana yin sallama zan miƙa hannu in ciro nasa. Har a Mushin ana ba da labarin wannan, ni kuwa ina jin daɗi fiye da yadda ya kamata.

A bayan shagon akwai rumfar da muke dara bayan la'asar, ramuka talatin a ƙasa, wannan da tsinke sha biyu, wancan da duwatsu sha biyu. Zulai, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata ta ci, a bakin ramukan nan ta girma. Da ta gama karatun kwamfuta ta sami aiki a wani ƙaramin kamfani mai yin wasannin waya, ita ce ta kawo musu shawarar a sa dara a waya. Ta ce mini a kan bulokcen aka gina wasan. Na ce shi kuma wane ne. Ta ce in ɗauka wani littafi ne da mutane ko'ina a duniya ke riƙe da kwafinsa, abin da aka rubuta a ciki ba mai iya gogewa, ko su da suka yi wasan. In ka ci gasa aka ba ka rawanin Sarkin Dara, hoton rawani ne dai a waya, to naka ne na kanka kamar kuɗin kirifton da ake ta magana, yana cikin walat ɗinka, wato jakar ajiyarka ta cikin waya, ka ga dama ka riƙe, ka ga dama ka bayar. Makullin walat ɗin kuwa kalmomi ne sha biyu na Turanci, waya za ta nuna maka su ranar da ka shiga, ka rubuta ka ɓoye. In waya ta ɓata, da su za ka dawo da kayanka. In su suka ɓata, shi ke nan.

A kan kalmomin nan suka saɓa da ogansu. Ita ta ce mutumin da bai taɓa jin sunan kirifto ba, in ka tare shi a bakin ƙofa da wannan jarrabawa, juyawa zai yi ko tsinke ɗaya bai dasa ba. A ba ta lokaci ta gina wata ƙofa mai sauƙi. Shi ya ce ba lokaci, kuma duk mai riƙe waya zai iya kwafar kalma sha biyu. Daga ƙarshe suka shirya a gwada a kan mutanen da ba su san komai ba, mako shida. In sun kasa, a ba ta aikin. In sun iya, ta yi shiru. Ta zaɓi majalisata, domin a duk Ikko ba ta da wanda ta yarda da maganarsa kamar ubanta.

Ranar wata Asabar suka zo ita da ogan. Matashi ne, ba zan ce mara kirki ba, ya rusuna ya gaishe ni yadda ya kamata. Amma da ya ga ramukan da tsinkayen sai ya yi dariya, ya ciro waya ya ɗauki hoto, sa'an nan ya ɗaga murya kamar mai magana da kurame, ya tambaye ni da buroka, Turancin titi, ko mutanena za su iya. Ku da aka haifa a nan ba ku san abin da irin wannan murya take taɓowa a zuciyar wanda ya shekara arba'in ana kiransa aboki a bakin titi ba. Nan take na ƙudurce a raina cewa ko za a mutu, yaron nan ba zai koma Yaba ya ce Hausawan Agege sun kasa ba. Ban tsaya na lura cewa kasawar tamu ita ce hujjar 'yata ba. Kai, na lura. Na dai kau da kai.

Kafin su tafi Zulai ta ja ni gefe.

"Baba, abu biyu nake roƙo. Duk inda mutum ya maƙale, ka gaya min, ko sau ɗari ne. 'Ban gane ba' ɗin nan nasu shi ne aikin gaba ɗaya."

"Na ji. Na biyun fa?"

"Kowa ya rubuta kalmominsa da hannunsa, ya riƙe abinsa. Kada kowa ya ba wani. Abeg, Baba, har kai."

"Har ni? Ni da ake kawo wa ajiya tun ba a haife ki ba?"

"Har kai. Wannan ba irin waccan ba ce."

Na ce ta tafi kanta tsaye.

Motarsu ba ta kai titi ba rumfa ta kacame. Mu sha tara ne. Ban taɓa ganin abin da aka yi don nishaɗi mai wahalar da bayin Allah irin wannan ba. Mutum ya zo buga dara, wasan da kakansa ya buga da kashin awaki, sai a ce ya tsaya tukuna ya buɗe walat. Ya ce ba shi da abin sawa a ciki, a ce ba komai, buɗe dai. Ya danna, kalmomi su zubo. Yana cikin neman biro fuskar wayar ta mutu. Ya kunna, a ce to faɗi kalma ta bakwai. Ta bakwai daga sama ko daga gefe? Ya kuskure, a mai da shi farko, wasu sabbin kalmomin su zubo. Alhaji Bala mai kayan miya ya ce shi sai an rantse masa ba caca ba ce. Ɗanlami mai ruwa ya ce wayarsa ta yi zafi, ya sa ta a kan jarka ta huce. Isuhu, maigadi ne mutumin Nijar, wanda duk rumfar ba mai cin sa a dara, ya ajiye tasa a ƙasa ya dube ni.

"Alhaji, wanga abu dara ce ko neman biza? Ni ko a kan iyaka ba a yi mini tambaya haka."

Mutum biyar suka tashi suka ce a kai kasuwa. Abin da Zulai take nema ke nan, an zuba mini shi a tafin hannu tun ranar farko. Da na ɗaga waya na faɗa mata, da babin nan bai wanzu ba.

Maimakon haka sai na aika aka sayo littafin rubutu na 'yan makaranta. Bokona na yaƙi da jahilci ne, amma ina iya kwafar harafi bayan harafi. Kwana uku ina zaune da tabarau a kan hanci, ina karɓar wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, ina kwafe wa kowa kalmominsa, ina amsa masa tambayar ta bakwai da ta uku. Takarda iri ɗaya, biro ɗaya, hannu ɗaya. Duk wanda na miƙa wa tasa kuwa sai ya juya ta, ya dawo mini da ita.

"Alhaji, ajiye mana. Ina zan kai ta? A rumfa nake kwana."

Ku gaya mini, mutumin da ya ba ni ajiyar katin shaidarsa shekara goma, in ce masa wannan kam ba zan karɓa ba? Zagi ne. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce daɗi na ji. Na ninke kowace takarda, wannan ninki uku, waccan na lanƙwasa mata kunne, na zuba su a gwangwanin madara, ina da tabbacin zan gane su kamar yadda nake gane ƙulli. Suna kuwa ban rubuta ba. Ni Alhajin da ba ya rubuta suna.

Kullum bayan magariba Zulai za ta kira.

"Baba, yaya majalisa? Wa ya maƙale yau?"

"Ba kowa. Kowa ya gane."

"Kowa? Har Alhaji Bala?"

"Shi ne ma na farko."

Mahaifiyarku tana gefe tana tankaɗe, ta bari sai da na kashe wayar.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. Ba kai ne jiya ka shigo kana tsine wa wanda ya ƙirƙiro kalmomin nan ba, har tuwo ya huce?"

"Hajiya, wannan maganar maza ce."

"Maganar maza, amma aikin 'yata ne a ciki. Gaskiya ta ce ka ba ta, ba kirari ba."

"So kike a ce mijinki jahili ne a Yaba?"

"Wa ya san ka a Yaba?"

Na ɗauki buta na fita. Kuma ban tsaya a ƙaryar baki ba. Zulai ta taɓa ce mini daga ofis suna ganin wanda ya buga da wanda bai buga ba. Saboda haka mutum biyar ɗin nan da suka fasa, sai na riƙa aron wayoyinsu da sunan zan sa musu caji a shago, in buga wasa ɗaya a kowace, in mayar. Dattijo mai furfura, yana laɓe a bayan kwandunan goro yana dara da sunan wani. In na tuna, har yanzu sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Mako shida suka cika. Zulai ta rubuta rahoto da abin da na faɗa mata, ta sa hannu, ta tsaya a gaban abokan aikinta ta ce ta yi kuskure. Aka fitar da wasan da ƙofarsa yadda take. Ranar ta zo gida da ledar lemo, ta durƙusa a gabana a nan falon.

"Baba, ka yafe min. Ashe raina ku na yi. Na ɗauka ba za ku iya ba."

Na ɗora hannu a kanta na ce na yafe. Ku karanta wannan layin sau biyu. Yarinya ta nemi gafarata a kan gaskiyar da ta faɗa, ni kuma na karɓa, har na ƙara mata da nasiha a kan girmama manya. Mahaifiyarku ta tashi ta shige ɗaki, kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Abin haushin shi ne wasan kansa yana da daɗi. Wanda ya samu ya tsallake ƙofar ba ya son fita. Isuhu ya riƙa bugawa da mutanen da bai taɓa gani ba, yau na Kumasi, gobe na Damagaram, yana zaune a bakin get ɗin maigidansa. Da aka yi gasar farko ya kwashe kowa, aka naɗa masa rawanin, da sunansa a ƙasa. Mutumin da ya shekara sha biyar yana buɗe wa wasu ƙofa ba wanda ya taɓa tambayar sunan ubansa, sai ga shi ana ce masa Sarki. Ya zagaya layin nan kaf yana nuna wa masu shayi. Amma a waje, mutane na zuwa bakin ƙofar suna juyawa, kamar yadda Zulai ta faɗa tun farko. Ta rame a watannin nan. Takan zauna ta ce mini ta rasa gane abin da ya sa tsofaffin Agege suka wuce, matasa masu karatu suka kasa. Ni kuwa in ce mata dara sai dattawa.

Da damina ta kawo kai, Ɗanlami mai ruwa ya zo sallama zai koma gida noma. Na ciro masa ƙullinsa, ya ce da takardar nan. Na buɗe gwangwani. Wata huɗu suna danne da juna, ninki uku da lanƙwasar kunne duk sun baje sun zama abu ɗaya. Ban gane ta kowa ba, amma mutane na kallo. Na sa yatsu biyu na zaro ɗaya kamar na sani, na miƙa masa. Ya sa a aljihu ya yi godiya.

Bayan mako uku aka zare wa Isuhu waya a danfo, motar haya, wajen Oshodi. Ya sayi wata ta hannu, ya zo rumfa yana murmushi.

"Alhaji, ɓarawo ya ɗauki salula, bai ɗauki sarauta ba. A ba ni takardata."

Na zaro ɗaya. Muka shigar da kalmomin, sai ga sunan Alhaji Bala. Aka yi dariya, na ce tsufa ne. Na zaro wata, ta wani ɗan okada ce. Ta uku dariya ta ragu. Daga nan na zazzage gwangwanin a kan tabarma, muka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa na tsaye yana kallon ana buɗe walat ɗinsa a wayar wani. La'asar ta wuce, aka kusa kiran magariba. Ta ƙarshe da muka buɗe, sunan Ɗanlami ne ya fito. Ashe ta Isuhu na ba shi ya tafi da ita. Aka nemo lambar wani mai shago a ƙauyensu, aka kira shi. Ya ce ai ya sayar da wayar tun a tasha, takardar kuwa tana aljihun rigar da aka wanke masa a rafi.

Isuhu ya daɗe yana kallon ramukan dara.

"Bon. Alhaji, kai ka san manya. Ka tahi ka ba su haƙuri su buɗe mini."

Ni ma abin da na ɗauka ke nan. Shekara arba'in a Ikko sun koya mini cewa ba ƙofar da ba ta da mai ita. An kama maka kaya, akwai wanda za ka gani. An rufe maka shago, akwai wanda za ka gaisar. Washegari da safe na sa babbar riga, na ƙunshe farin goro mai kyau a ganye, na hau danfo zuwa Yaba ban gaya wa Zulai ba. Nufina in ga ogan a keɓe, a gyara abin, kowa ya huta. Sai na tarar ofishin nasu ɗaki ɗaya ne babba, kowa na ganin kowa. Zulai ta taso da sauri, ta ɗauka rasuwa aka yi.

Na ajiye goron a gaban ogan, na yi masa bayani da Yarabancina na kasuwa. Ya ce ya tausaya, amma ba abin da zai iya. Na ce to ya haɗa ni da na sama da shi. Ya ce babu. Na ce wanda ke riƙe da littafin fa? Ya ce kowa ne ke riƙe da shi. Na ce to a tara kowan a ba shi haƙuri! Har ya juyo mini da kwamfuta ya nuna mini rawanin, ga shi nan ƙuru-ƙuru da sunan Isuhu, duk duniya na iya gani, amma ba mahaluƙin da zai iya taɓa shi har tashin ƙiyama. Raina ya ɓaci, na fara faɗa. Na ce wane irin gini ne wannan da ba a bar wa mai kuskure ko taga ba? Kun zauna a cikin sanyin na'ura kun yi wa talaka tarko, mutumin da ko inda zai ajiye takarda ba shi da shi! Ina cikin zuba sai na ji muryar Zulai a bayana, a hankali, da Hausa.

"Baba, yaya aka yi takardar Isuhu ta zo hannunka?"

Na ce ajiya ya ba ni.

"Shi kaɗai?"

"Dukansu."

"Wa ya rubuta musu?"

"Ni."

"Mutum biyar ɗin nan da kullum suke buga wasa ɗaya tak, a jere, da hantsi. Na daɗe ina mamakinsu."

Ba ta kuma tambaya ba. Ta juya ta fassara wa ogan duka, ba ta rage ko kalma ba, ina tsaye ina ji. Ya ce ashe rahoton da ta sa wa hannu, wanda suka dogara da shi suka fitar da wasan, ba gaskiya ba ne. Ta ce haka ne. Ba ta ce ubanta ya yaudare ta ba. Cewa ta yi aikinta ne ta je ta zauna ta gani da idonta, ba ta je ba. Ba ta ɗaga murya ba, balle tsiwa. Ta kwashe 'yan kayanta a jaka, ta ɗauko mini gorona da ba wanda ya taɓa, muka fito.

Daga Yaba har Agege muna kujera ɗaya. Sai da muka sauka, muna tsallaka layin dogo, ta tsaya.

"Baba, aikin ba shi ya fi ci mini rai ba. Na durƙusa na ba ka haƙuri, ka karɓa."

Da muka shiga gida gwaggonku ta tambayi abin da ya faru, Zulai ta ce sun saɓa da oga ne kawai. Daga nan maganar taurin kai ta samo asali. Ita ta rufa mini asiri, ni kuma na shige cikin rufin na yi kwanciyata shekara uku.

Ta fi shekara tana 'yar koyarwa a wata makarantar kwamfuta a Ebute Metta, tana fita da asuba. A nan ta haɗu da wasu mutum biyu suka fara nasu wasan daga farko. Isuhu kuwa bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ci gaba da zuwa rumfa, amma ya koma ramukan ƙasa. Wani lokaci nakan gan shi ya karɓi wayar wani ya nemo rawanin nan ya kalla, ya mayar. Ranar da ya kawo mini sabon ƙulli ajiya, ya riƙe shi bai saki ba.

"Alhaji, rubuta sunana a kai. Da na ubana."

Na rubuta. Tun daga ranar ba abin da ke shiga shagona ba suna.

A bara, wata Asabar bayan la'asar, Zulai ta shigo rumfa da littafi da biro. Ba ta aiko ba, ba ta kira ba. Ta shimfiɗa ɗankwali a kan benci ta zauna a tsakiyarmu. A sabon wasan, ta ce, ba walat ba kalmomi a bakin ƙofa. Ka shiga ka dasa tsinkenka kawai. Sai ranar da ka ci abin da ya isa a adana, sa'an nan wasan zai ce ka zaɓi amintattunka mutum uku. In waya ta ɓata, biyu daga cikinsu suka shaida kai ne, kayanka su dawo, kuma ba ɗayansu da zai iya buɗewa shi kaɗai. Na gane daga inda ta ɗauko wannan, daga ajiyar shagona ne. Ba ta faɗa ba, ni ma ba ni da bakin tambaya. Isuhu ne ya fara gwadawa. Ya zaɓi Alhaji Bala, ya zaɓi ƙanensa da ke gida, ya zaɓi limamin masallacinmu. Ina zaune kusa da shi har gwiwarmu na gogar juna, bai zaɓe ni ba. Daidai ya yi.

Sa'an nan ta miƙo mini wayar. Shafin farko na wuce, na biyu ma haka. A na uku wani ɗan akwati ya fito da rubutu da maɓalli biyu, na karanta sau biyu ban san abin da yake nema ba. Mutum goma sha wani abu suna kallona, cikinsu har da waɗanda suka ɗauka ba abin da Alhaji bai sani ba. Yatsana ya riga ya tafi zai danna ɗaya a kan sa'a, yadda na zaro wa Ɗanlami takardar nan.

"Baba, ka gane?"

Na janye yatsan.

"Ban gane ba, Uwata."

Ta sunkuya ta rubuta. A ranar sau tara na faɗa, ta rubuta duka taran.